Allo Biyu Ko Uku? Amsa Ga Mai Riƙe Da Lissafin 'Yan Shinkafa A Jega

Wani ɗan'uwa daga Jega ya aiko mini da tambaya. Shi ke riƙe wa wasu 'yan kasuwar shinkafa da albasa lissafinsu, idan aiki ya lafa kuma yana zana fosta da katin gayyata a CorelDraw. Ya ce laftop ɗinsa mai inci 14 ta matse shi, kullum yana cikin buɗe wannan shafi ya rufe wancan, har ya taɓa zuba kuɗin wani a layin wani. Yana son ya haɗa allo uku kamar yadda yake gani a bidiyo. Wace kwamfuta zai saya, kuma yaya zai tsara teburin? Shagonsa mai rufin kwano ne, yana da ƙaramar sola da batir ɗaya.

Malam, sannu da aiki, Allah ya ƙara buɗi. Na ji daɗi da ka faɗi irin aikinka da yanayin shagonka, don amsar tana can. Na daɗe ina haɗa wa ofisoshi da shaguna kwamfuta a nan Birnin Kebbi da kewaye, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya riga ya biya kuɗin kwamfutar, sai ya zo gida ya tarar ba ta da ramin da zai ɗauki allo na biyu, ko teburin bai kai ba, ko batirin ba ya kai shi La'asar. Kwamfutar ita ce ƙarshen abin da za ka saya. Kafin ita akwai aikin, akwai teburin, akwai wutar.

Allo uku dai ba na ba ka shawara. Aikinka na abu biyu ne: inda kake ɗauko lamba da inda kake zuba ta. Rasit ko bayanin banki a gefe guda, Excel a ɗaya gefen. Kuskuren nan da ka yi na zuba kuɗin wani a layin wani, allo na biyu ne maganinsa, na uku ba abin da zai ƙara. A mafi yawan wuraren da na haɗa uku, bayan wata guda sai in tarar na ukun ya zama gidan WhatsApp. Ga shi kowane allo mai inci 24 yana cin wajen santimita 54 a faɗi, uku sun haura 160 ke nan, kuma duk wanda zai duba na gefe sai ya juya wuya sosai. Waɗanda kake gani a bidiyo masu sa ido kan kyamarorin tsaro ne, ko masu tace fim, ko masu bin farashin hannun jari minti bayan minti. Kai ka sayi biyu, amma ka zaɓi kwamfutar da za ta iya ɗaukar uku, ko da gaba aiki ya buƙata.

Kafin ma ka kashe kuɗi mai yawa, ka gwada wannan: ka sayi allo ɗaya, ka haɗa shi da laftop ɗin da ke hannunka ta ramin HDMI, ka yi mako guda a haka. Allon ba asara ba ne, yana cikin biyun da za ka saya daga baya. Wasu a nan suke tsayawa, sun samu abin da suke so.

Wane allo? Mai inci 24 da ke nuna ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Hoton da ke kan allo ƙananan ɗige-ɗige ne a jere, kuma yawan abin da allo ke nunawa ya danganta da yawan ɗigon, ba da girman gilashin ba. Wannan shi mutane da yawa ba su gane ba. Allo mai inci 27 da ke da 1920 da 1080 layukan Excel ɗinsa daidai suke da na mai inci 24, an dai ja su sun yi girma, rubutu ya yi dishi-dishi a gefe. Idan kana son inci 27, ka nemi mai 2560 da 1440, shi ne zai ƙara maka fili na gaske. Shi kuwa 4K, mai 3840 da 2160, ninki huɗu ne na ɗigon na farko, yana da kyau ƙwarai, amma ya fi tsada, yana neman ramuka na zamani, kuma aikinka bai kai can ba. Kada kuma a sayar maka da talabijin a ce ai duk ɗaya ne. Da yawa daga cikin masu inci 32 ɗigonsu 1366 da 768 ne kawai, wanda bai kai na wasu laftop ba, kuma an yi su ne don a zauna nesa a kalla.

Ka dage a kan nau'in gilashin da ake kira IPS. Tsohon nau'in, TN, idan ka kalle shi ta gefe launi yana canzawa, ja ya yi duhu, fari ya yi rawaya-rawaya. Mai allo biyu kuwa ko da yaushe ɗaya yana ɗan karkace da shi. Ga mai zana fosta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma su biyun su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, don haske da launi da tsayi su dace. Cikin na hannu da ke shigowa daga ofisoshin Turai da Amurka akwai irin su Dell P2419H da HP E243. Duka IPS ne, suna da ramukan haɗa waya na HDMI da DisplayPort da VGA, ƙafarsu tana hawa tana sauka, tana kuma juyawa allon ya tsaya a tsaye. Wannan ƙafar ta fi yadda ake ɗaukar ta muhimmanci, zan dawo kanta.

Yanzu ramuka, inda kuɗin mutane ya fi salwanta. Kowane allo yana buƙatar nasa ramin a jikin kwamfuta. Akwai wani ƙaramin akwati da ake sayarwa, sifilita ta HDMI, waya ɗaya ta shiga biyu su fita. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini ita, an ce masa za ta ba shi allo biyu. Ta ba shi kuwa, amma hoto ɗaya a kan duka biyun, don aikinta ke nan: raba hoto guda zuwa talabijin da yawa, kamar a gidan kallon ƙwallo. Ba ta da ikon ba ka fili biyu daban-daban. Idan mai shago ya miƙo maka ita, ka ce masa a'a.

VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, tun 1987 yake. Yana aiki, amma rubutu ba ya fita tas kamar na sauran, kuma idan wayar ta yi tsawo ko ta tsufa sai ka ga inuwa a gefen haruffa. A bar shi don lalura. HDMI da DisplayPort duka lafiya lau ne. Abin lura shi ne wayar da ke da DisplayPort a baki ɗaya, HDMI a ɗayan, hanya ɗaya take bi: daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na allo. Idan ka juya ta ba za ta nuna komai ba, kuma ba lalacewa ta yi ba. Sai USB-C, ƙaramin ramin nan irin na cajin waya. A laftop da yawa, musamman masu araha, ba ya fitar da hoto ko kaɗan, na fayil ne kawai. Wanda ke fitar da hoto yakan zo da alamar walƙiya ta Thunderbolt ko alamar D a gefensa, wani lokaci kuma babu wata alama, sai an duba bayanin samfurin a shafin kamfanin ko an gwada da allo. Gwajin ya fi.

Tunda wasu na ganin MacBook ita ce ƙarshen kyau, bari in faɗi wannan. MacBook Air ta kamfanin Apple mai furosesa (ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da kwamfuta) M1 ta 2020 da mai M2 allon waje ɗaya kaɗai suke ɗauka da kansu. Mai M3 tana ɗaukar biyu amma sai an rufe murfinta. Mai M4 ta 2025 ce ta fara ɗaukar biyu murfi a buɗe. Na ga wanda ya biya kuɗi masu nauyi ya zo ya tarar da haka.

To wace kwamfutar? A yanayinka, ƙaramar kwamfutar tebur, irin wadda ba ta wuce girman littafi mai kauri ba. Dell suna kiran tasu OptiPlex Micro, HP suna cewa EliteDesk ko ProDesk Mini, Lenovo kuma ThinkCentre Tiny. Don ofis aka yi su, suna zuwa da ramukan hoto biyu a baya, wasu da gurbin na uku. Misali OptiPlex 7060 Micro da EliteDesk 800 G4 Mini suna da DisplayPort biyu, ThinkCentre M720q kuma DisplayPort ɗaya da HDMI ɗaya. Ba sai ka sa musu katin hoto na daban ba, wanda ke cikin furosesar Intel ɗinsu yana iya tuƙa allo uku. Katin hoto na masu tace bidiyo mai nauyi ne, da masu zanen gini mai fuska uku, da masu wasan gem. Excel da CorelDraw ba su neme shi ba, batirinka ma bai neme shi ba.

Kada sunan Core i7 ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne lambar da ke bayan sunan, ita ke nuna zubin. Idan ka ga i5-8500T, zubi na 8 ne. Idan ka ga i7-4770, zubi na 4 ne, na 2013, kuma wancan i5 ɗin ya fi shi amfani gare ka. Dalili: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. Ana iya tura ta da dabara a kan tsofaffi, masu shago na yi, amma na'urar da ke ɗauke da lissafin dukiyar mutane ba wurin dabara ba ce. Harafin T da ke ƙarshen lambar yana nufin mai ƙarancin cin wuta, wat 35, wanda shi ne daidai da kai. RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da ke buɗe a lokacin aiki, ka sa 16GB, gara guda biyu masu 8 da guda ɗaya mai 16, don hoton ma daga nan yake aron wuri. Mai allo biyu yakan bar abubuwa da yawa a buɗe, 8GB za ta riƙa cika. Ma'ajiya kuma SSD, 256GB ko 512GB, ba tsohon faifai mai juyawa ba.

Laftop ɗinka kada ka sayar. Ranar da za ka je Aliero ko Kamba karɓo lissafi ita za ka ɗauka. Ka kuma riƙa ajiye kwafin littattafan a wuri na biyu, Google Drive ko filashi da ke kwana a gida, don amana ce.

Ga lissafin wuta, kai ma'abocin lissafi ne, za ka gane da sauri. Allo mai inci 24 na zamani yana cin tsakanin wat 15 zuwa 25. Ƙaramar kwamfutar nan a aikin ofis ba ta cika wuce wat 30 ko 40 ba. Duka ukun ba su kai wat 100 ba. Ɗauki batir mai bolt 12 da amfiya 200: idan ka ninka, 2400 ke nan, wato wat 2400 na tsawon awa ɗaya. Batirin ruwa ko na jel ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 1200. Inbata ma tana cin nata kason, a ce saura 1000. A wat 100, awa goma ke nan, tun safe har Magariba ko da rana ba ta fito ba. Amma ka kawo babbar kwamfuta mai katin hoto da allo uku, wadda in ta ɗauki nauyi za ta iya kai wat 400, wannan batirin awa biyu da rabi zai yi. Ka saka fanka da firinta a lissafin, musamman firinta mai lesa, wadda ke zuƙar ɗaruruwan wat a lokacin da take ɗumama. Ita kam gara ta jira wutar gari ko janareta. Rage hasken allo zuwa rabi ma yana rage ci, ido kuma ya fi samun sauƙi.

Abu ɗaya da laftop ta fi ƙaramar kwamfutar nan: batirinta na jikinta. Ita wannan da an ɗauke wuta ta mutu nan take, da duk abin da ba ka adana ba. Don haka ko dai ta zauna a layin inbata dindindin, ko ka sa mata ƙaramin UPS, akwatin nan mai batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Ka duba bayan allon da jikin cajar, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240V, wato raguwar wuta ba ta cika damun su ba. Abin da ke kashe su shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi, da tsawa a damina. Ka sayi soket mai kariya na kirki, kuma in hadari ya haɗo ka zare komai daga bango.

Sai tebur. A nan nake so ka fi natsuwa, don kwamfuta in ba ta yi ba ana canza ta, wuya da baya kuwa naka ne har tsufa. Allo biyu masu inci 24 suna son faɗin santimita 120 aƙalla, 140 ya fi tunda kana da rasit da littattafai. Zurfi, wato daga cikinka zuwa bango, kada ya gaza 70. Teburan da aka saba yi wa shago sirara ne, allo ya zo har kan hanci. Ka zauna daidai ka miƙa hannu: yatsunka su kusa taɓa gilashin, wajen santimita 60 zuwa 70 ke nan.

Kada ka ce wa kafinta ya yi maka tsayin da ya saba. Fara samun kujerar da za ka riƙa zama, ka zauna ƙafafunka a ƙasa sosai, ka saki kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwar hannu kamar mai buga rubutu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannun. Wannan shi ne tsayin teburinka. Yawancin tebura na kaiwa santimita 75, wanda ya yi wa mutane da yawa tsawo, shi ya sa suke wuni kafaɗa a ɗage, da yamma su ce ciwon kai. Katakon saman ya yi kaurin inci ɗaya, ya huda maka rami a baya don wayoyi, ya yi ɗan kanta a ƙarƙashi inda soket da caja za su zauna ba a ƙasa ba. Idan gaba za ka sa hannun ƙarfe mai riƙe allo, wannan kaurin ne zai ɗauke shi. Hannun yana kamawa ne a ramuka huɗu da ke bayan allo, masu tazarar milimita 100 ko 75, ka duba allon da za ka saya yana da su.

Yadda za a jera su, yawancin mutane suna haɗa bakin allunan a tsakiya, daidai hancinsu. Yana da kyan gani, amma ma'anarsa ba lokacin da kake kallon gaba sak, kullum wuyanka na karkace hagu ko dama. Wani akawu da na taɓa gyara wa ofis ya yi watanni yana shafa man zafi a wuya, ashe Excel ɗinsa na kan allon hagu, can yake fuskanta tun safe. Muka dawo da allon gabansa, bayan ɗan lokaci ya ce ya samu sauƙi. Kai ma haka za ka yi: wanda kake rubutu a kai ya zauna gabanka daidai, kibod a gabansa, na biyun a gefe, a ɗan karkato shi ya fuskance ka, bakinsu na taɓa juna. Saman gilashin ya yi daidai da idonka ko ƙasa kaɗan. A nan ƙafar nan mai hawa da sauka take biyan kuɗinta. In allon ba shi da ita, rim ɗin takarda ɗaya yana ɗaga shi wajen santimita 5. Mai tabarau mai gilashi biyu, na nesa a sama na karatu a ƙasa, shi kuma ya sauke allon ƙasa da haka, in ba haka ba zai wuni yana ɗaga haɓa.

Ka gwada tsayar da na gefen a tsaye. Shafin A4 zai fito gaba ɗaya, bayanin banki mai dogon jeri ma haka, fosta ma haka take a tsaye. Ya kuma rage cin tebur, santimita 30 da 'yan kai maimakon 54.

Akwai abin da masu bidiyon nan ba za su gaya maka ba, don ba shago suke zaune ba. Mutane na shigo maka, kuma allon da ke nuna bashin da ake bin Alhaji wane bai kamata ya fuskanci ƙofa ko bencin baƙi ba. Sirrin ɗan kasuwa ne, in ya fita daga shagonka ya fita ke nan. Ka ajiye teburin yadda kai kake fuskantar mai shigowa, bayan allunan na wajensa. Idan za ka nuna wa mutum nasa lissafin, ka buɗe nasa kaɗai a allon gefe ka juyo masa. Za ka tashi salla, ka danna maɓallin Windows da L, ta kulle.

Taga ta kasance a gefenka. In tana bayanka haske zai riƙa dukan gilashin, in tana bayan allon idonka zai wuni yana kokawa da hasken rana. Ta yamma ta fi wahala, ka sa mata labule mai kauri. Ido kuma a riƙa ba shi hutu: duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu can waje, nisan mita 6 ko fiye, na daƙiƙa 20.

Zafinmu da ƙurarmu ma a sa su a lissafi. Kamfanoni da yawa iyakar zafin ɗakin da suke rubutawa don na'urorinsu digiri 35 ne, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu waje na haura 40, balle ƙarƙashin kwano. Idan babu silin a shagon, kuɗin allo na ukun nan ka kai su can. Kada kwamfutar ta shiga durowa ko ta zauna a ƙasa, ta hau tebur inda iskar fanka ke kai mata, da tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Da hunturu ka riƙa rufe komai da ƙyalle in ka tashi, bayan ka kashe, kuma duk wata ɗaya ko biyu a buɗe ta a hure ƙurar da bulowa. Murfin irin waɗannan ƙananan ƙusa ɗaya ke riƙe da shi. Gilashi kuma da tattausan ƙyalle mai ɗan laima ake goge shi, ba a fesa masa ruwa kai tsaye.

Idan ka haɗa ka ga hoto ɗaya a duka biyun, danna Windows da P ka zaɓi Extend. Sannan ka shiga saitin Display ka ja hotunan allunan su zauna kamar yadda suke a teburinka, don linzami ya riƙa ƙetarawa ta gefen da ya dace. A nan ne kuma ake gaya wa kwamfutar an tsayar da ɗaya a tsaye. Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama suna jefa shafi daga wannan allo zuwa wancan, wannan za ka fi amfani da shi.

Ranar saye, ko a Birnin Kebbi ne, ko Sakkwato, ko Kano, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka sa a haɗa kwamfutar da allunan biyu a gabanka, da ainihin wayoyin da za ka tafi da su, ka ga kowanne na nuna abu daban. Ka cika kowane allo da fari, sannan baƙi, sannan ja, ka matso ka duba ko akwai mataccen ɗigo, ko layi, ko tabo mai duhu a kusurwa. Ka bar su a kunne minti 20, don wasu sai sun yi ɗumi suke fara ƙyaftawa. Ka shiga Settings, System, About, ka karanta lambar furosesa da yawan RAM da idonka, ba abin da ke kan sitika ba. Ka duba cajar ta asali ce kuma wat ɗinta ya kai abin da aka rubuta a jikin na'urar. In saƙo za ka yi a kawo maka a mota, a turo maka bidiyon wannan gwajin kafin ka tura kuɗi, a kuma naɗe allunan fuska da fuska da katifa ko kwali a tsakani, a tsaye, kada a ɗora musu kaya.